RA'AYINMU: A ceto hannun matan da aka yi wa aikin kansar mama

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, sai birnin Akra ya cika da jerin gwano da laccoci a kan kansar mama, wadda wasu ke kira sankara ko ciwon daji. Ana kiran mata su riƙa duba jikinsu, su garzaya asibiti da zarar sun ji ƙullutu. Wannan kira ne mai kyau, kuma muna goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Sai dai akwai wani ɓangare na maganar da ba kasafai ake taɓa shi ba, wato halin da mace ke shiga bayan an yi mata aiki an sallame ta, musamman abin da ya shafi hannun da ke ɓangaren da aka yi aikin.

Mata da yawa a Tsohuwar Fadama da Nima da Maamobi da sauran zangunanmu suna komawa gida cikin murna da godiyar Allah, amma bayan mako biyu ko uku sai su tarar hannu ya ƙi ɗaguwa. Kafaɗa ta riƙe, hammata ta ɗaure, in mace ta yi ƙoƙarin miƙa hannu sai ta ji wani abu kamar tsirkiya ya ja ta daga hammata zuwa damtse, wani lokaci har gwiwar hannu, wani lokacin ma har gindin babban yatsa. A jikin wasu ana ganin abin ƙuru-ƙuru a ƙarƙashin fata, igiya ɗaya ko biyu ko fiye. Daga nan sai tsoro ya shiga. Wata ta ce ciwon ne ya dawo, wata ta ce likita ya yanke mata jijiya, wata kuma maƙwabta su ce mata jifa ne. A ganinmu, barin mata cikin wannan duhu sakaci ne da za a iya kauce masa ba tare da kashe wasu maƙudan kuɗi ba.

Ya kamata a fara da sanin mene ne wannan igiya. A cikin hammatar kowane mutum akwai ƙwayoyin kaluluwa, irin waɗanda ke kumbura idan mutum ya ji rauni a hannu. Waɗannan ƙwayoyi suna haɗe da wasu siraran magudanai da ke kwaso ruwan jiki daga hannu da ƙirji. Da yake kansar mama takan fara yaɗuwa ne ta wannan hanya, likita kan cire wasu daga cikin ƙwayoyin lokacin aiki. Idan ciwon bai yi nisa ba, ɗaya zuwa uku ko huɗu kawai ake cirewa a duba. Idan kuwa ya kai hammata, akan kwashe goma ko fiye. Magudanan da aka datse su ne kan toshe, su yi tauri, su ɗame, har su zama wannan igiya. Ke nan igiyar ba kansa ba ce, kuma ba ta nuna cewa an yi kuskure a wajen aiki. Duk da haka wajibi ne a nuna wa likita ya duba, domin shi ne zai bambance ta da wani sabon ƙullutu.

Likitoci sun daɗe da sanin matsalar. A shekarar 2001 wasu likitocin tiyata na Jami'ar Washington a Amurka suka duba takardun mutum 750 da aka yi wa aikin hammata, suka sami igiyar a jikin 44. Amma da aka koma bin mata ɗaya bayan ɗaya ana duba su da ido, sai adadin ya yi sama ƙwarai. Wani bincike da aka yi a ƙasar Finland a 2003 ya same ta a jikin kashi 72 cikin ɗari na matan da aka kwashe wa ƙwayoyin hammata, da kashi 20 cikin ɗari na waɗanda aka cire wa kaɗan. Wani kuma da aka yi a Sifen a 2009 ya same ta a jikin kusan rabin matan da aka bi. Yawanci tana bayyana ne cikin makonni takwas na farko, kuma ta fi fitowa fili a jikin mata marasa ƙiba da masu ƙananan shekaru. A wajen da yawa takan saki cikin wata biyu ko uku, a wajen wasu kuwa takan daɗe, ko ta tafi ta dawo.

Waɗannan alƙaluma sun fi shafar mu fiye da ƙasashen da aka tattara su. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya ya nuna cewa a shekarar 2020 mata 4,482 ne suka kamu da kansar mama a Gana, 2,055 kuma suka rasu. Sanin kowa ne cewa mafi yawan matanmu ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa. Wannan ya sa aikin da aka fi yi musu shi ne babba, wanda ake cire mama gaba ɗaya a kwashe hammata, wato irin aikin da ya fi barin igiya da riƙewar kafaɗa.

Sannan a dubi irin rayuwar da macen za ta koma. Tsohuwar Fadama unguwa ce ta masu neman na yau su ci yau, a gefen kogin Odaw da tafkin Korle, daf da kasuwar Agbogbloshie. Ƙidayar da mazauna wurin suka yi da kansu a 2009 ta ba da mutum kusan 80,000, akasarinsu 'yan arewa. Tun daga lokacin unguwar ta sha rusau a watan Yunin 2015, sannan a 2021 aka tashi kasuwar albasa aka mayar da ita Adjen Kotoku, abin da ya ƙara wa mutane da yawa nisa da wurin neman abinci. A irin wannan wuri hannu shi ne jari. 'Yar kayaye da hannu biyu take ɗora kwanonta a ka. Mai koko da ƙosai a Nima da shi take dama gasara tun da asuba. Mai tuwon zafi da shi take tuƙi, mai wake da shinkafa da shi take sauke tukunya, mai sayar da atamfa da shi take ciro turmi daga saman kanta. Ko ɗaura ɗankwali da goya yaro da ɗaga hannu a yi kabbara, duk sai da kafaɗa mai lafiya. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar da aka raba da kansa amma aka bar ta da hannu ɗaya, an ceci ranta, sai dai tukunyar gidanta ta sauka daga murhu.

Akwai wata illa ta biyu da mutane ba su cika sani ba. Mata da yawa bayan tiyata sai an yi musu gashi da na'ura domin ƙone ragowar ciwon. A lokacin gashin, mace za ta kwanta ne ta ɗaga hannu sama da kai, ta riƙe shi a haka ba motsi na wasu mintoci, kullum har tsawon makonni. Wadda hannunta ya ƙi ɗaguwa za a iya ɗage mata ranar farawa. A ƙasar da asibitocin gwamnati da aka san su da wannan gashi su ne Korle Bu a Akra da Komfo Anokye a Kumasi, kuma mutane ke jiran layi, rasa ranar da aka ba ka ba ƙaramar asara ba ce. Ta haka riƙewar kafaɗa kan koma ta taɓa maganin kansar kanta.

Illa ta uku ita ce wadda ta fi damun mu. A zango ba a ɓoye komai, ɗaki na jikin ɗaki, famfo ɗaya, layin banɗaki ɗaya. Idan mata suka ga maƙwabciyarsu ta dawo daga asibiti da hannu a maƙale a ƙirji, wata shida ba ta koma kasuwa ba, to sun riga sun yanke hukunci. Gobe idan wata ta ji ƙullutu a jikinta, sai ta rufa shi da zane ta nufi wajen mai magani, ba za a gan ta a asibiti ba sai abin ya fashe. Gani ya kori ji. Mace ɗaya da ta warke ta koma rumfarta tana ɗaga kaya da hannu biyu ta fi jerin gwano goma jawo mata zuwa asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shiri a 2021 na rage mace-macen kansar mama da kashi biyu da rabi cikin ɗari a kowace shekara har zuwa 2040. A unguwanni irin namu, ba za a kai ga wannan buri ba matuƙar mata na kallon tiyata a matsayin hanyar nakasa.

Abin farin ciki shi ne maganin ba shi da tsada. A shekarar 2021 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci 17 a Ingila da mata 392 waɗanda ake jin tsoron kafaɗarsu za ta ba su matsala. Aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka ba su takardar bayani kawai, ɗayan kuma aka haɗa su da likitan fisiyo, wato waɗanda mutanenmu suka fi sani da masu gashin ƙashi, ya fara koya musu motsa hannu daga kwana bakwai zuwa goma bayan aiki. Bayan shekara guda, waɗanda aka koya wa sun fi amfani da hannunsu, sun fi samun sauƙin ciwo, kuma motsin bai jawo musu ƙarin kumburi ko matsalar rauni ba. Da aka yi lissafi ma, sai aka ga kuɗin da aka kashe a kansu bai kai na sauran ba. Darasin a fili yake: motsi da wuri, a hankali, tare da mai nuna hanya.

Ga yadda abin yake a taƙaice, tare da sharaɗin cewa maganar likitan da ya yi aikin ita ce gaba da tamu. A makon farko, ko muddin robar da ke fitar da ruwa tana jiki, motsi ƙanana ake yi: dunƙule hannu a buɗe, lanƙwasa gwiwar hannu a miƙe, ɗaga kafaɗu zuwa kunne a sauke, juya su gaba da baya, ba tare da ɗaga hannu ya wuce kafaɗa ba. Daga mako na biyu, idan likita ya amince, sai a fara hawa sama. Mace ta fuskanci bango ta riƙa tafiya da yatsunta a jikinsa, ta sa alama da alli ko gawayi a inda ta tsaya, gobe ta yi ƙoƙarin wuce alamar ko da kaɗan ne. Ta kwanta rigingine a tabarma ta riƙe muciya ko sandar mofa da hannu biyu, ta ɗaga ta a hankali zuwa bayan kai, mai lafiyar yana taimakon marar lafiyar. Ta haɗa hannu a ƙeya ta buɗe gwiwoyin hannu. Ana yin haka kamar sau uku a rana, kuma ya fi sauƙi bayan wanka da ruwan ɗumi. Jin ja ba laifi ba ne, shi ake nema, amma ciwo mai suka alama ce ta a dakata. Wani lokaci igiyar kan yi ƙara ta saki ana cikin miƙewa, galibi wannan ba abin tsoro ba ne, hannu ma kan ƙara sakewa. Idan igiyar ta yi taurin kai, likitan fisiyo yana da dabarar murza ta da miƙar da ita da hannunsa. Wadda aka yi wa gashi kuma kada ta daina motsin don an gama, domin naman wurin kan ci gaba da ɗamewa watanni da yawa bayan haka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma abubuwan da muke roƙon jama'a su nisanta. Na farko, ɗaure hannu a wuya da tsumma na makonni da sunan hutar da shi. Wannan tausayi ne da ke ƙarewa a sandarewar kafaɗa. Na biyu, gaggawar komawa ɗaukar kaya masu nauyi. Bokitin ruwa da buhu da daka da ɗora kwano a ka, duk a bar su har makonni huɗu zuwa shida, ko yadda likita ya ce, sannan a koma musu kaɗan-kaɗan. Na uku, kuma mafi haɗari, shi ne kai hannun wajen wanzami a yi tsaga ko ƙaho ko sakiya, ko a ba mai ɗori ya fizge shi da ƙarfi, ko a gasa wurin da ruwan zafi ko tsumma mai zafi. Muna girmama masu waɗannan sana'o'i na gado, amma wannan hannu ba irin wanda suka saba ba ne. Fatar hammata da bayan damtse sau da yawa ba ta jin zafi bayan aiki, mace na iya ƙonewa ba ta sani ba. Kuma hannun da aka rage wa ƙwayoyin kaluluwa ba ya yaƙar ƙwayar cuta kamar da, ƙaramin yanka na iya zama babban ciwo.

Haka nan a bambance igiya da kumburi. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa hammata kan sami kumburin hannu saboda taruwar ruwa, wani lokaci bayan watanni ko ma shekaru. Alamarsa ta farko ita ce zobe ko awarwaro ko hannun riga ya fara matsewa, hannu ya yi nauyi. Idan aka tare shi da wuri ana shawo kansa. Amma idan hannu ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, ko rauni ya fara fitar da mugunya, ko hannu ya kumbura farat ɗaya, ko numfashi ya yi wuya, to wannan ba na jiran ranar da aka rubuta a kati ba ne, a tafi asibiti a ranar.

Saboda haka muna kira ga hukumomin asibitocin da ke yin wannan aiki da su mayar da shi doka cewa ba za a sallami mace ba sai an auna yadda hannunta ke ɗaguwa, an nuna mata motsin da idonta, ta yi a gaban nas ko likitan fisiyo, an kuma ba ta ranar dawowa a duba kafaɗar. Takardar Turanci ba ta wadatar ba. A yi bayanin da Hausa da Dagbani da sauran harsunan da matan ke ji, a yi shi da zane, a naɗe shi a murya a tura wa mace a wayarta. Korle Bu, wanda aka buɗe tun 1923, yana tsallaken tafki ne kawai daga Tsohuwar Fadama, amma ga matar da ba ta san abin da za ta tambaya ba, tazarar na da yawa.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kiwon Lafiya ta Gana da su kawo wannan hidima kusa da jama'a. Bai dace mace mai ɗanyen ɗinki ta riƙa cusa kanta cikin motar haya tana ratsa gari don motsa hannu na rabin awa ba. Asibitin Maamobi da ƙananan asibitocin unguwa za su iya keɓe rana guda a mako don matan da aka yi wa aiki, kuma a koya wa nas-nas masu zagaya gidaje yadda ake gane igiya da kumburi. Tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka kafa da doka a 2003, ya sanya kansar mama da ganin likitan fisiyo cikin abubuwan da yake ɗauka. A tabbatar abin da ke rubuce ya isa ga mai kati. Mu ma a namu ɓangaren mu riƙa sabunta katin kafin ciwo ya zo, tunda tun 2018 ana iya yin haka ta waya.

Muna kira ga sarakunan zango da limamai da magajiyoyi da shugabannin kasuwa. Abin da ke sa mace ta ɗauki kaya kafin lokaci ba taurin kai ba ne, yunwa ce da kuɗin haya. Ƙungiyoyin adashi za su iya ba wadda aka yi wa aiki kwasar farko. 'Yan layi za su iya riƙe mata rumfa wata biyu kada wani ya gaje wurin. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma maza ma ba su fita ba. Maigidan da ya ɗebo ruwa, ya nemo mai daka, ya tsaya yana ƙirga wa matarsa hawa bango, bai rage komai daga girmansa ba. Wanda kuwa ya juya mata baya don ta rasa mama, ya sani jama'a na kallo, kuma Allah na gani.

Daga ƙarshe, kiranmu na musamman ga 'yan uwanmu fatake da ke Aflao da Paga da Bawku da Elubo, da masu rakiyar motocin albasa daga Galmi, da masu kai-komo tsakanin Maraɗi da Jibiya ko Ƙonni da Illela. Mata da yawa da aka yi wa aiki a Akra ko Kumasi ko Tamale garuruwansu suke komawa jinya, inda babu likitan fisiyo a kusa, kuma daidai lokacin ne igiyar ke fitowa. Idan kuna da 'yar uwa a wannan hali, kada ku ɗauko ta sai an koya mata motsin, an ba ku lambar da za ku kira, kun kuma san ranar komawa. Tun zamanin fataucin goro, labari a bakin fatake yake isa garuruwa kafin ya isa ta kowace hanya. Ku ɗauki wannan ma ku kai: igiyar da ke fitowa a hammata bayan aikin mama ba ciwon ne ya dawo ba, tana da magani, kuma maganin yana farawa ne da nuna wa likita da motsa hannu a hankali kullum.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.